Yadda za ku tara wa marasa ƙarfi abincin sallah a unguwa

Jama'a in kuna so kowane gida a layinku ya ɗora tukunya ranar sallah, to kar ku bari sai goman ƙarshe, ku fara tun azumi na goma. Ku je wajen mai unguwa da liman tukuna, liman ya yi sanarwa bayan asham, maganarsa ɗaya ta fi saƙon WhatsApp ɗari.

Ku zaɓi amintattu uku, dan Allah a sa mace a ciki, don mata ne ke shiga gida-gida, su suka san wadda mijinta ya rasu ta kwana biyu ba ta hura wuta ba amma kunya ta hana ta faɗa. Sunaye a littafi, littafin kuma ya tsaya hannun su ukun nan.

A karɓi abin da ba ya lalacewa, shinkafa, gero, wake, taliya, man gyaɗa, magi. Ko kwano ɗaya mutum ya kawo a yi masa godiya. Zakkar fidda kai a ware buhunta daban, mudun Nabi 4 ne kowane mutum, kuma ta isa hannun masu ita kafin a tafi idi. A ɗora buhuna kan katako a rufe da kyau, mu bara ɓeraye suka huda mana buhun gero, har yanzu abin na min ciwo.

Rabo kuma da daddare, a ƙulla a leda a kai har gida. Ban da jera mutane a ƙofar masallaci, ban da ɗaukar hoto ana sawa a Facebook, wallahi wata gara ta kwana da yunwa da a ga fuskarta.