Yadda Ake Gyara Binciken Suna a Rumbun Bayanai

Duk mai rubuta wa makarantar Islamiyya ko shago manhaja a Aboabo ko Asawase ya san wannan matsala: sunan yana cikin rumbun, amma an nema kwamfuta ta ce babu. A Kumasi rajista ɗaya kan haɗa Ɗanladi da Asma'u da Ɔsɛe, don haka sai an yi shiri tun daga tushe.

Fara da alhamza, ita ce mai haɗari. A SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, alamar ' ke buɗe rubutu, ita ke rufe shi. Idan ka manna abin da mutum ya buga kai tsaye cikin umarni, sunan Mu'azu zai tsinke a "Mu", kuma ta wannan kafar ce ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin. Bar gurbi kawai, WHERE suna = ?, ka miƙa sunan daban.

Sai ka duba halin rumbunka, domin PostgreSQL da MySQL da SQLite, nau'o'in rumbun bayanai, kowanne da halinsa. A PostgreSQL, LIKE, umarnin neman rubutu mai kama da wanda aka buga, na bambanta babban harafi da ƙarami, ILIKE ba ya bambantawa. A MySQL 8.0 tsarin kwatanta haruffa na utf8mb4_0900_ai_ci bai damu da girman harafi ba. SQLite kuwa haruffan Turanci kaɗai yake daidaitawa, saboda haka a wurinsa Ƙ da ƙ ba su san juna ba.

Nan ne babban aikin. Kada ka taɓa sunan mutum, ajiye shi da ƙugiyarsa yadda yake rubutawa, haƙƙinsa ne. Buɗe wa sunan ma'aji na biyu a cikin rumbun domin bincike kaɗai. A cikin manhajar, mayar da sunan ƙananan haruffa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ɛ da ɔ na Twi su koma e da o. Da hannu za ka jera su, domin a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, ƙ harafi ne mai zaman kansa, dabarar da ke cire wa é alamarta ba ta taɓa shi. Alhamza ma cire ta gaba ɗaya, don wata waya ' take bugawa, wata ’. Abin da mai nema ya buga shi ma ya bi ta wannan matata, sai "DANLADI" ya gamu da "Ɗanladi".

Saura % da _, waɗanda LIKE ba ya ɗauka a matsayin rubutu: % na nufin "kowane jerin haruffa", _ kuma "kowane harafi ɗaya". Sa wata alama kafin kowannensu, misali !, ka ƙara ESCAPE '!' a ƙarshen umarnin.

Kafin ka miƙa wa malam ko hajiya aikin, gwada da Sa'adatu, ƘASIMU da Ɔsɛe, a waya da kwamfuta duka.