Yadda Ake Saƙa Abin Hannu na Duwatsu da Yadda Za Ki Koya wa Wasu

Yawancin sarƙoƙi da abin hannun da ake kawo mini gyara a nan Bauchi, duwatsunsu lafiya lau suke. Ɗauri ne ya kwance, ko zare ya tsinke a bakin ƙugiya, sai mai abin ta tsinto duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin mayafi ta kawo. Wadda ta saƙa ta iya zaɓen launi, ta iya jera dutse, amma ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake rufe aiki. Wannan abu yana damuna, domin shi ke sa mata su ce aikin hannu ba ya ƙarko, su koma sayen na kanti. Saboda haka zan fi daɗewa a kan jan zare da ɗauri, sauran kuma mu wuce da sauri.

Kayan da za ki tanada

Don abin hannu guda ɗaya kina buƙatar duwatsu masu zagaye, girman milimita 6, kamar 70 don a samu rara. Sai 'yan mitsi-mitsin duwatsun nan masu kama da ƙwayar gero, cokalin shayi ɗaya ya isa. Sai zaren lailon irin na kamun kifi mai kaurin milimita 0.30, ƙugiya da zobenta, almakashi mai kaifi, tef ɗin awo na tela, da faranti ko tire da za ki shimfiɗa wa tawul don kada duwatsu su yi ta gangarewa. Ba a buƙatar allura, domin lailon yana da ƙarfin da zai ratsa dutse da kansa.

Za ki samu waɗannan a shagunan masu kayan ɗinki da kwalliya a kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa. In harka ta buɗe kika fara sari, Kano ce kusa, Kurmi da Sabon Gari, wasu kuma har Balogun ta Legas suke aikawa.

Ƙananan duwatsun suna da lamba, kuma lambar a juye take: idan ta ƙaru, dutsen ya ƙanƙance. Mai lamba 6/0 ya kai wajen milimita 4, mai 8/0 wajen 3, mai 11/0 wajen 2. Na kamfanonin Miyuki da Toho na Japan, da Preciosa na ƙasar Cek, kansu ɗaya, ramukansu ɗaya, shi ya sa saƙarsu ke kwanciya sumul. Masu arahar da ake aunawa a leda kuwa, wani siriri, wani mai kauri, wani ma raminsa a toshe. Ba laifi ki koyi aiki da su, amma ki zube su a tire ki tsince gurɓatattun kafin ki fara.

Kafin ki sayi dutse mai yawa, ki jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulu ki goga a kan guda biyu-uku. In launi ya fito a ƙyallen, rini ne aka shafa a bayansa, kuma gumin watan Maris da Afirilu na garin nan, ga humra da turare, ba za su bar shi ya yi wata guda ba. Haka ƙugiya: mai arahar nan da ke yin baƙi tana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Araha ba ta ado. Ki ƙara kuɗi kaɗan ki sayi wadda ba ta tsatsa.

Akwai kuma duwatsun Bida, waɗanda Masaga, masu sana'ar gilashi na garin, suke narka kwalabe su yi da hannu. Ina son su ƙwarai, amma da yake kowanne da siffarsa, sun fi dacewa da tsakiyar sarƙar wuya, ba saƙar da za mu yi yanzu ba. Murjani na ainihi daga teku ake samo shi, kuma yana da tsada. Mafi yawan jajayen da kike gani a kasuwa gilashi ne ko roba. Ki yi aiki da su, suna da kyau, amma ki faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ta saya.

Awo da kafa zare

Ki zagaya tef a wuyan hannun mai abin, a bayan ƙashin nan da ya ɗan fito, sannan ki ƙara rabin inci. Yawancin mata tsakanin inci 6 da 7 suke. Ki tuna ƙugiya ma tana cin wuri, don haka ki auna tsawonta ki cire daga abin da za ki saƙa.

Ki yanko lailon mita ɗaya da rabi. Zai yi miki kamar ya yi yawa, amma gara ya ragu da ya gaza ana tsakiyar aiki. In ya fito a nannaɗe, ki ja shi tsakanin yatsunki sau da yawa har ya miƙe. Ki zura ƙugiyar ta tsaya daidai tsakiya, ya zama kina da baki biyu masu tsawo ɗaya, na dama da na hagu. Ki shafa wa bakin ɗaya baƙar maka don ki riƙa bambanta su.

Saƙar gicciye

Ki ɗauki dutse ɗaya ki zura a zaren dama, sannan ki shigar da zaren hagu ta ɗaya ɓangaren, su gitta juna a cikin ramin. Ki ja su biyun har dutsen ya zauna a jikin ƙugiya. Yanzu zaren da ke dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama.

Daga nan abu ɗaya za ki yi ta maimaitawa: dutse ɗaya a hagu, dutse ɗaya a dama, na uku ki gitta zare biyun a cikinsa, ki ja. Kowane zagaye zai ba ki duwatsu huɗu da suka haɗa kai. Da dutse mai milimita 6, zagaye 18 zuwa 20 kan isa hannun babbar mace.

Wurin jan nan ne aikin yake. Ki danne dutsen gicciyen da babban yatsa da manuniya na hannun hagu, ki ja zare biyun zuwa gefe da gefe, ba sama ba. Kada ki saki sai kin zura duwatsun zagaye na gaba. In kika ga zare yana leƙowa tsakanin duwatsu, jan bai isa ba. In kuma saƙar ta fara lanƙwashewa tana ƙin kwanciya a tire, kin matse da yawa, kuma irin wannan ce ke tsinkewa ranar da aka lanƙwasa ta a hannu. Gwajin da nake yi shi ne in ɗora saƙar a kan yatsa ɗaya. Mai kyau za ta sauko ta gefe biyu a hankali, ba ta sandare ba, ba ta kuma zube ba. Duk zagaye biyar ki tsaya ki yi wannan gwajin, don warware biyar ya fi sauƙi a kan warware ashirin.

Rufe aiki

Idan tsawo ya kai, ki zura zare biyun cikin zoben ƙugiyar, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ki mayar da su cikin dutsen gicciye na ƙarshe. Ki sake zagayawa ta zoben da dutsen karo na biyu. Nan ne ake ja kullum wajen sawa da cirewa, don haka zare ɗaya ba ya isa.

Kada ki ɗaure ki yanke a nan, ko da yake da yawa haka suke yi. Ki juya ki koma baya. Zaren da ya fito ta dama ya bi duwatsun gefen dama, na hagu ya bi na hagu, kuma tsakanin kowane dutse biyu ki sa ƙaramin dutse ɗaya, 11/0 ko 8/0, ya cike giɓin. Wannan komawar tana ninka zare a duk tsawon abin hannun, tana miƙar da gefensa, ga kuma kyau. Idan gefen ya fara yin tudu da kwari, ƙaramin dutsen ya yi girma, ki sauya da wanda bai kai shi ba.

Da kin dawo wurin ƙugiyar farko, ki ratsa ta sau ɗaya don ƙarin ƙarfi, sannan ki bi cikin saƙar har zare biyun su haɗu a wuri guda, nesa kaɗan da ƙugiya. Ki ɗaura su, amma a ɗaurin farko ki zagaya zaren sau biyu kafin ki ja, sannan ki ɗora wani ɗaurin a kai. Lailon santsi gare shi, ɗaurin da aka saba yi wa zaren ɗinki ba ya riƙe shi. Bayan haka kowane baki ya ratsa duwatsu uku ko huɗu, ki yi ɗan ƙulli a jikin zaren da ke tsakanin duwatsu, ya sake ratsa wasu uku, sannan ki yanke dab da dutse. Ki ja ɗaurin a hankali ya shige cikin rami ya ɓuya.

Ki guji gam mai kamawa nan take. Yana sa lailon ya bushe ya karye, yana kuma barin farin tabo a jikin kiristal. Ƙona bakin zare da ashana ma haka, zafinta na raunana zaren da ke kusa ko da ba ki gani ba.

Wannan saƙar ita ce tushen 'yan kunne, sarƙar wuya, har jakar hannu ta duwatsu, sai dai jaka tana son lailon mai kauri, daga 0.50 zuwa sama. Jigida da abin hannun roba kuwa jerawa ce kawai. Abin lura shi ne ki ja zaren robar sau da yawa kafin ki jera, in ba haka ba zai saki bayan kwana kaɗan.

Buɗe ajin koyarwa

Kada ki fara koyarwa sai kin sa abin da kika saƙa a hannunki na tsawon makonni, kin yi wanke-wanke da alwala da shi, kin ga bai motsa ba.

Mutum biyar ko shida sun isa zama ɗaya, domin dole idonki ya kai kan yatsun kowa. Hantsi ya fi, bayan yara sun tafi makaranta, a rumfa ko baranda inda hasken rana ke shiga. Masu goyo su zo da mai riƙe musu, ko a keɓe wa yaran tabarma can gefe, domin yaro mai rarrafe ba ya ganin dutse ya ƙyale, baki ko hanci zai kai. A share wurin tas bayan an tashi.

Ranar farko ki ba su manyan duwatsu, milimita 8 ko 10, launi biyu: ɗaya na gefe, ɗaya na gicciye. Da launi biyu mai koyo za ta ga kuskurenta da idonta. Ki zauna a gefenta, ba gabanta ba, don damanki ya zama damanta. Za ki ji wata ta ce, “Anti, nawa ya karkace.” Kada ki karɓa ki gyara mata. Ki ce, “Ƙanwata, ƙirga daga ƙugiya, a wane zagaye launin ya sauya wuri?” Ta nemo da kanta, ta warware, ta sake. Dattijuwa kuma da ido ya fara rauni, ki matsar da ita wurin haske ki ce, “Hajiya, bari a sa miki farin tawul, ramin zai fi fitowa.” Irinsu sukan fi 'yan mata haƙurin jan zare.

Ki tabbata kowa ta koma gida da abin da ta gama a ranar farko, ko da zobe ne. Wadda ta nuna wa maigida ko mahaifiyarta abin da hannunta ya yi, za a bar ta ta dawo gobe. Amma zama na biyu gaba ɗayansa na ɗauri ne. Kowa ta rufe aiki sau uku a gabanki, ki kama ki ja da ƙarfi. Wanda ya kwance a sake. Za su yi ƙorafi, su ce su sabon salo suke so. Ki daure, salo yana nan cike a waya, kowa na iya kallo.

Kuɗin aji ki haɗa shi da na kayan aiki, ki ƙulla wa kowa nata a leda, don kada wata ta zo da zaren da bai dace ba. Sannan ina roƙon masu koyarwa su daina ɓoye inda suke sayen kaya. Na ga waɗanda suka gama koyo, suka iya, amma sana'ar ta mutu a hannunsu saboda wurin malamarsu kaɗai suka san ana samun dutse, a kan kuɗin da ba riba. Ki ɗauke su ku shiga kasuwa tare rana ɗaya, su ga yadda ake gwada launi da yadda ake ciniki. In jarinsu bai kai ba, su yi adashe su haɗa sari ɗaya su raba. Samari ma kada a hana su, carbi mai 33 ko 99 aiki ne da ke da kasuwa, musamman gab da azumi.

Zama na ƙarshe na lissafi ne, da biro da takarda. Kowa ta rubuta kuɗin duwatsun da suka shiga abin hannu ɗaya, zare, ƙugiya, ledar sawa, da rabon kuɗin Keke zuwa kasuwa. Sannan ta sa wa lokacinta kuɗi, domin nan ne mata suka fi cutar kansu, sai ki ji an ce ai a zaune nake. Riba a saman wannan duka take hawa. Hoton da za a sa a WhatsApp a ɗauke shi da rana a kan farin ƙyalle, kada a ƙara masa launi, don abin da aka gani shi za a karɓa.

Idan aikin anko ya shigo, ƙawayen amarya ashirin ko talatin, a karɓi kafin alƙalami aƙalla rabi, a karɓi ƙyallen atamfar ko leshin a tafi da shi kasuwa. A sayi duwatsun duka a lokaci ɗaya, har da rara, domin launi ɗaya daga buhu biyu yakan bambanta, kuma ranar kamu da suka jeru za a gani. A auna hannun kowace, a rubuta sunanta a jikin ledarta, a kuma sa ranar bayarwa kwana uku kafin biki saboda wadda nata zai buƙaci ƙari ko ragi.