Yadda za ka riƙe mage a gida ba ta ƙarar da tsuntsayen unguwa ba

Gidan da ake ajiye hatsi a Kano ba ya rasa ɓera, shi ya sa ba na cikin masu cewa a kori mage. Ni tela ne a Gwammaja, kuma ɓera ɗaya in ya kwana cikin shaddar mutane a makon sallah ya isa ya haɗa ni rigima da rabin unguwa. Ina da mage, ina son ta, tana yi mini aiki. Amma ina son kurciyar da ke sauka tsakar gidanmu da safe, da gwara, da 'yar jar tsuntsuwar nan baiwar Allah mai shigowa har bakin murhu tana tsintar tsaki. Duk wanda ya riƙe mage ya san ranar da ta shigo da fuka-fukai a baki. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na tsara zaman gidana don mage ta ci gaba da aikin ɓera, tsuntsaye kuma su samu sarari.

Kada a ɗauki abin da wasa don mage ƙarama ce. A shekarar 2013 wasu masana a Amurka suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ƙiyasta cewa a ƙasarsu maguna na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a kowace shekara, kuma wajen kashi 69 cikin 100 na wannan ɓarna magunan da ba su da mai su ne ke yin ta. A Ostareliya an ƙiyasta tsuntsaye miliyan 377 a shekara, wato sama da miliyan ɗaya kowace rana. Wani nazari na 2016 ya lissafa jinsin halittu 63 da mage ke da hannu wajen ɓacewarsu daga doron ƙasa, 40 daga cikinsu tsuntsaye ne, galibi na tsibirai. Wannan lissafin ƙasashensu ne. Mu a nan akwai sare bishiyoyi, da danƙon yara, da maganin feshi, duk suna cin tsuntsaye. Sai dai halin mage ɗaya ne a ko'ina, kuma ita ce abin da ke hannunka kai maigida, ba sai ka jira gwamnati ba.

Babban abin da ya fi komai aiki shi ne lokaci. Ɓera da dare yake yawo. Tsuntsu kuwa da sassafe yake sauka ƙasa cikin yunwa, sai kuma gab da magariba ya ƙara cika ciki kafin ya kwanta. To sai ka juya zaman magenka bisa wannan. Tun bayan la'asar sakaliya a kira ta ciki, a ba ta abinci, ta kwana inda ɓeran yake: sito, ko kicin, ko shago. Kada a buɗe mata in an fita sallar asuba, domin lokacin ne ta fi ɓarna. A bar ta sai rana ta ɗaga, hantsi ya dubi ludayi, tsuntsaye sun ci sun hau bishiya. Daren farko da na biyu za ta yi kuka tana karce ƙofa, uwargida za ta ce a sake ta mu yi barci. A daure. Mage na saba wa lokacin abinci da sauri, in kullum a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya ake ba ta, da kanta za ta riƙa zuwa tana jira. A ajiye mata ruwa, da tsohon baho mai yashi a lungu don ba-haya, a riƙa zubarwa kullum. Mace mai juna biyu kada ita ta kwashe wannan yashin, saboda akwai ƙwayar cuta a kashin mage da kan cutar da jariri a ciki.

Na san abin da zai zo wa mutum a rai, hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage. Mu tuna abin da matar ta yi: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Wanda ya kwantar da magensa a ɗaki mai iska da ruwa da abinci, ya sake ta da hantsi, ya sauke haƙƙinta ne.

Sai maganar ci, kuma a nan nake yawan musu da abokai a majalisa. Mutane da dama sun yarda cewa in ka ƙosar da mage ba za ta kama ɓera ba, don haka suke barin ta da yunwa da gangan. Farauta a jinin mage take, ƙosasshiya ma in ta ga abu ya motsa sai ta daka tsalle. Abin da yunwa ke yi shi ne ta tura ta nesa, ta haura katanga, ta bi rufin maƙwabta, ta hau darbejiya ta kwashe 'ya'yan kurciya a sheƙa. Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun gwada wannan a gidajen mutane, suka fitar da sakamako a 2021. Magunan da aka koma ba su abinci mai yawan nama sun rage kawo abin da suka kashe da kashi 36 cikin 100. Waɗanda masu su ke wasa da su minti 5 zuwa 10 a rana sun rage da kashi 25.

Ba sai ka sayi abincin gwangwani ba. Mage mai cin nama ce, tuwo da ƙanzo ba sa riƙe ta. Kan kifi, kayan cikin kaza, ɗan guntun huhu ko hanta daga mahauci, a dafa ba gishiri, a cire ƙashi mai tsini. Ragowar miya da dafa-duka kuwa a yi hattara, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage. Wasan kuma aikin yara ne: a ɗaure ƙyalle a bakin zare, a riƙa ja a ƙasa tana bi tana cafka, a bar ta ta kama a ƙarshe. 'Yar autarmu ce ke wannan bayan ta dawo daga islamiyya, kuma ita ta fara hana 'yan'uwanta harbin gwara.

Yanzu ga abin da ya shafi sana'ata, kuma shi na fi jin daɗinsa. Tsuntsu yana ganin launi sosai, ya fi mu ma. Ɓera kuwa ba ya bambance launuka haka, ga shi cikin duhu yake fita. Saboda haka aka ƙirƙiro wani abin wuya mai faɗi na yadi mai launi mai ɗaukar ido, wanda in mage ta laɓe tsuntsu zai hango ta tun daga nesa. A wancan gwaji na Exeter abin wuyan ya rage kama tsuntsaye da kashi 42 cikin 100, bai kuma taɓa kamun ɓeraye ba. Ka ga abin da muke nema kenan daidai.

Kowane tela zai ɗinka maka da ragowar atamfa. A zaɓi mai ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, irin wadda ake hangowa daga ƙarshen layi, kada a sa kore ko ruwan ƙasa. A yanka ƙyallen faɗin inci 5, tsawonsa ya ninka zagayen wuyan magen sau ɗaya da rabi, a ninke a ɗinke ya zama kamar bututu mai faɗin inci 2, a zura siririyar roba ciki ya tattare. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne mahaɗin. Kada a ƙulle, kada a ɗinke shi gam. A sa ɗan guntun maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara, ƙarami ƙwarai, yadda in abin ya maƙale a reshe ko ƙusa zai ɓalle da nauyinta. Mage na iya rataye kanta da abin wuyan da ba ya ɓallewa. Yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuyanta. Za ta yar da shi lokaci-lokaci, shi ya sa nake ɗinka da yawa in ajiye. Da safe ake sa mata, da dare a cire. Ƙararrawa kuwa binciken da aka yi a kanta bai zo ɗaya ba, wani ya ga ta yi amfani, na Exeter bai ga komai ba. In kana da ita ka haɗa, amma kada ka dogara da ita.

A duba tsakar gidan kansa. Mage ba ta bin tsuntsu da gudu, laɓewa take yi ta yi tsalle ɗaya. Duk inda ake sheƙe hatsi, ko ake zuba wa kaji dusa, ko aka ajiye kaskon ruwa, a tabbata akwai fili kamar taku uku ta kowane ɓangare, babu randa ko tarin itace ko turmi da za ta ɓuya a baya. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, mutane da yawa na ajiye wa tsuntsaye ruwa don neman lada. Abu ne mai kyau, amma kasko a ƙasa gindin katanga tarko ne. A rataye shi da waya a reshe, ko a ɗora kan ƙarfe mai santsi wanda ya kai ƙirjin mutum. In akwai sheƙa a mangwaro ko gwaiba, a naɗe gangar bishiyar da falle na kwanon rufi mai santsi sama da inda mage ke iya tsalle, a kuma sare reshen da ya taɓa katanga, in ba haka ba ta can za ta bi. Masu kiwon tattabaru da kanari sun riga sun san darajar raga mai ƙananan idanu. Daga tsakiyar damina zuwa kaka ne ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba suka fi ƙyanƙyasa, 'ya'yan da ke koyon tashi suna faɗowa ƙasa, don haka a watannin nan a ƙara tsananta tsaron safiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne buhu. Mage ta haihu, 'ya'ya sun yi yawa, sai a zuba su a buhu a ba almajiri ya kai bola ko bakin kasuwa ko maƙabarta. Waɗanda suka rayu su ne muzuran da ke bin rufi da dare, ba mai ciyar da su, komai suka ci sai sun kashe. Su ne irin waɗanda lissafin Amurka ya ɗora wa mafi yawan ɓarna. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Buhu ɗaya da aka yar bana, baɗi ya zama garke. Maganin shi ne a kai ta wurin likitan dabbobi, kamar asibitin dabbobi na Gwale ko wani mai zaman kansa, a fiɗiye namiji, mace kuma a yi mata aikin hana haihuwa, a haɗa da allurar rigakafin ciwon haukan kare. Fiɗiyayyen muzuru yana rage yawon dare da faɗa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hukuncin ba ya tambayi malaminsa, ya gaya masa har da abin da ke faruwa da 'ya'yan da ake zubarwa. In an riga an haihu, a nema musu gidaje ɗaya bayan ɗaya, masu shagon hatsi da masu gidan burodi kullum suna nema.

Guba ba hanya ba ce, ga mage ko ga ɓera. Abin da ya mutu da guba, shirwa ko mujiya ko hankaka ne zai ɗauka, ko kazar maƙwabci ta tsattsaga, ga kuma yara masu rarrafe. Mujiyar da mutane ke jifa ta fi mage cin ɓera. A rufe shara, a toshe ramuka da siminti, a zuba hatsi a duro mai murfi. Inda abinci ya yanke, ɓera da muzuru duk sukan ragu.

In ka ƙwace tsuntsu da rai daga bakin mage, kada ka cilla shi sama ka ce ya tashi. Akwai ƙwayoyin cuta a bakin mage da kan kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu ko da hujin haƙorin bai fito fili ba. Sa shi cikin kwali mai huji da tsumma a ƙasa, a wuri mai duhu da shiru, kada a ɗura masa ruwa a baki don yana iya shaƙewa. In na kiwo ne, tattabara ko ɗan tsako, a kai shi wurin likita a ranar. Ɗan tsuntsun da ya faɗo kuwa, in gashinsa ya fito kuma bai ji ciwo ba, iyayensa na kusa. Ɗora shi kan reshe ko saman katanga, ka kulle magen wuni biyu zuwa uku har ya iya tashi, sannan ka wanke hannunka da sabulu.