In fitilar link ta ƙi kamawa a gwajin Ethernet ɗin mota

Ɗan'uwa mai wayarin a Gusau, 100BASE-T1, wato nau'in Ethernet ɗin da ake sa wa mota, ba ya shiga laftof kai tsaye, waya biyu ce kacal a murɗe, sai ka sa media converter a tsakani, wato na'urar da ke juya shi zuwa Ethernet ɗin da laftof ya sani. In ka haɗa, fitilar link mai nuna an samu haɗi ba ta kama ba, kafin ka zargi waya duba saitin master da slave, tsakanin converter da gefen mota dole gefe ɗaya master ɗayan slave, in suka zo iri ɗaya ba za ta taɓa kamawa ba, wallahi wannan ya taɓa cinye min yini guda cur.

Fitilar ta kama amma ka tura ping, saƙon gwada haɗi, shiru? Sa wa laftof IP da hannu a subnet (rukunin adireshi) ɗaya da ECU, wato kwamfutar motar, kashe firewall, buɗe Wireshark, manhajar ganin saƙonnin da ke wucewa, ka duba ko akwai VLAN, wato alamar da ke raba network gida-gida. DoIP kuwa, wato hanyar binciken matsalar mota ta IP, port 13400 yake bi.