Yadda jami'a za ta rage hayaƙin janareta ta koma sola

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar ƙasar nan ya san ƙarar nan, NEPA na ɗauke wuta sai ka ji janaretoci sun tashi ta ko'ina, na ginin sanet, wato ofishin shugabannin jami'a, daban na laburare daban kowace fakalti da nata. Lita ɗaya ta dizal in ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon, to ka lissafa da tankokin da ake saukewa duk wata.

Ni dai shawarata kar a yi gaggawar sayen fanel ɗin sola. A fara sa mita a kowane gini a ga ina wutar ke tafiya, wallahi za ku sha mamaki, ofis a kulle mai shi ya tafi masallaci esi na ta aiki. A canza ƙwayayen fitila zuwa LED, a hostel a sa tankin dumama ruwa na rana maimakon hita da yara ke jonawa a bokiti.

Sai a ɗora aikin rana a kan sola kai tsaye, lakca, ofisoshi, famfon bohol ya cika tanki da azahar. Batir shi ne mai tsadar, a bar shi wa abin da dole sai da dare, asibitin makaranta, ɗakin karatu da fitilun hanya.

Ba sabon abu ba ne fa, Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ta samu tashar megawat 7.1 da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya buɗe a Satumba 2019 ƙarƙashin hukumar samar da wutar lantarki a karkara (REA), sola ce da batura da janareta na ko-ta-kwana a haɗe.

Inda ya fi damuna shi ne kulawa. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kan fanel har ka iya rubuta sunanka da yatsa, wutar da yake bayarwa sai ta ja baya. A riƙa wankewa da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Ga ɗaliban injiniya nan suna neman wurin SIWES, wato horon sanin makamar aiki, a koya musu duba batir da inbata mana, na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin wadda ake amfani da ita a gini. Kuɗin dizal ɗin da aka rage kuma a buɗe masa asusu na daban tun yau, don batir na da ranar mutuwa kuma da kuɗin nan za a sayi sabo.