Sabon zuwa Amurka: abin koyi daga 'yan ra'ayin riƙau kafin ka shiga siyasar unguwa

Yawancin 'yan uwanmu da suka sauka a unguwar Bronx ta New York ko garin Greensboro na jihar North Carolina ba sa daɗewa kafin su karkata ga jam'iyyar Democrat, ta masu sassaucin ra'ayi, saboda maganar takardun zama, inshorar lafiya da kuɗin haya. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai in kana son a saurari koken al'ummarka, wajen 'yan ra'ayin riƙau na Republican za ka fi samun darasin yadda ake neman abu har a samu, ko da ba ka yarda da rabin abin da suke nema ba.

Kafin komai, ga kashedi. Wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ko da yana da katin zama na dindindin. Bisa wata dokar tarayya ta 1993, a yawancin jihohi ana tambayar mutum a ofishin lasin tuƙi ko yana son rajistar zaɓe. In kai ba ɗan ƙasa ba ne, ka ce a'a, kuma ka karanta kowane akwati kafin ka sa hannu. Wanda ya rubuta cewa shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, zai iya rasa damar zama ɗan ƙasa har abada, a kuma kore shi. Mai katin dindindin na iya ba ɗan takara gudummawar kuɗi. Mai bizar karatu ko ta ziyara ba ya iya. Amma halartar taro da yin magana a cikinsa, wannan kowa na da dama.

Abu na farko da 'yan riƙau suka iya shi ne raɗa wa abu suna. Akwai harajin da ake cirewa daga dukiyar mamaci kafin a raba gado, wanda manyan attajirai kaɗai yake taɓawa. Suka daina kiransa harajin gado, suka koma ce masa harajin mutuwa, suka yi ta maimaitawa har talakan da ba zai taɓa biyansa ba ya tsane shi. A 1994 Newt Gingrich, jigon 'yan Republican a majalisar wakilai, ya tattara alkawuransu cikin gajeriyar takarda mai ƙudurori goma, jam'iyyarsa ta ƙaru da kujeru 54, ta karɓi majalisar wakilai bayan shekara arba'in ba ta riƙe ta ba. Masu sassauci kuwa sau da yawa sukan zo da bayani mai sharuɗɗa bakwai da kalmomin jami'a, direban tasi ya gaji kafin a kai tsakiya. In buƙatarku ba ta faɗuwa da numfashi ɗaya, ba ta nuna ba tukuna. "Abincin halal a makarantar 'ya'yanmu" ya isa. Zohran Mamdani, wanda yake can ƙuryar masu sassauci, da irin wannan salon ya ci kujerar magajin garin New York a 2025: a tsayar da ƙarin kuɗin haya, bas kyauta, renon yara kyauta.

Na biyu, kuma shi ne ya fi nauyi, haƙurin da ya wuce zaɓe ɗaya. Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki a 1973. Masu adawa ba su nade tabarma ba. A 1982 ɗaliban shari'a suka kafa ƙungiyar Federalist Society, suka yi ta renon lauyoyi, lauyoyin suka zama alƙalai, a 2022 aka soke hukuncin. Shekara 49 ke nan. Ko mene ne ra'ayinka a kan batun, ka lura ba su sauya magana don iska ta juya ba. Musulmin New York ma sun gwada wannan hanya: a 2006 aka sa jarrabawa ranar Babbar Sallah, suka haɗa kai, majalisar birni ta goyi bayansu a 2009, magajin gari Bloomberg ya ƙi, suka ci gaba da zuwa, sai 2015 magajin garin da ya gaje shi, Bill de Blasio, ya sanar da hutun Sallah biyu a makarantun gwamnati. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cika zaure sau ɗaya cikin fushi, wata mai zuwa kujeru ba kowa. Jami'ai suna ƙirga fuskokin da suka dawo.

Ƙananan taruka su ne filin. Hukumar makarantu ta gunduma da majalisar gari suna zama a bainar jama'a, galibi sau ɗaya ko biyu a wata da yamma. A New York akwai kwamitocin unguwa 59. Ka duba ajanda a shafinsu na intanet, ka rubuta sunanka cikin masu magana tun da wuri, domin wasu wurare suna rufe rajista kafin a fara zama. Minti biyu ko uku za a ba ka, agogo na gabanka, in ya ƙare a kashe makirufo. Nan ɗabi'armu ta doguwar gaisuwa take cutar da mu: mutum ya ƙone minti ɗaya da rabi yana godiya ga shugaba da mataimakansa. Ka faɗi sunanka da unguwarka, ka faɗi buƙata, ka kawo labarin yaro ɗaya da ya wuni da yunwa don ba abin da zai ci a ɗakin abincin makaranta, ka sake faɗin buƙatar da kalmomin farko, ka zauna. Rubutun jawabinka kada ya wuce shafi ɗaya. In Turanci bai zauna ba, a nemi tafinta kwanaki kafin taron. Ku je mutum goma, uku su yi magana, sauran su miƙe tsaye lokacin da ake yi.

Kada kuma ku ɓoye dalilinku. 'Yan riƙau ba sa jin kunyar cewa addini ne ko iyali ya sa su, kuma mai sauraro yakan girmama wanda ya tsaya a kan abin da ya yi imani da shi. Iyaye a gundumar Montgomery ta jihar Maryland, Musulmi da Kirista, sun nemi a ba su damar cire 'ya'yansu daga wasu darussa da suke ganin sun saɓa wa addininsu, suka kai har Kotun Ƙoli, ta ba su gaskiya a Yunin 2025. A wannan batu sun tsaya tare da 'yan riƙau, a batun baƙin haure da yawansu suna tare da masu sassauci. Ba dole ba ne ka sayi kayan jam'iyya gaba ɗaya. Bayan kowane taro, ku karɓi katin mataimakin ɗan majalisa, ku tura masa saƙon godiya na layi uku cikin kwana biyu tare da buƙatar, ku sa ranar zama na gaba a rukunin WhatsApp na masallaci.