Yadda ake haɗa ragar gashin nama ta sitenles da walda

Ragar da ake sayarwa tare da murhun gashi yawanci siririyar waya ce da aka yi wa fenti, damina ɗaya ta isa ta cinye ta da tsatsa. Wasu kuma sai su ɗauko ragar tsohon firij su ɗora tsire a kai, wannan kam a daina don Allah, wasu roba aka lulluɓa musu wasu kuma zinki, wuta na taɓawa sai hayaƙin ya bi nama. Haka ma ƙarfen galbanais, shi ma zinki aka lulluɓa masa.

Toh in za ka haɗa taka, fara da ƙarfen. Ka nemi rodin sitenles mai lamba 304, shi ne wanda ke da kiromiyom kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari, shi ake yin kayan kicin da shi. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu. In ya kama rodin gam to ba 304 ba ne. Amma fa rashin kamawa ba hujja ba ce, don 201 mai araha shi ma ba ya kamawa kuma ya fi saurin tsatsa, sai ka tambayi mai kaya ƙarara. Rodi mai kaurin milimita 6 ya isa sandunan ciki in murhun ƙarami ne, na rabin duro kuwa gara 8, firem ɗin kuma 10.

Auna bakin murhun ka rage kamar milimita 5 a kowane gefe, ƙarfe in ya sha wuta buɗewa yake, in ka yi ta cif-cif sai ta maƙale ko ta lanƙwashe. Tsakanin sanda da sanda bar kamar milimita 10 zuwa 12, in ya fi haka balangu zai riƙa zubewa cikin garwashi. Ka samu ɗan guntun katako mai wannan kaurin ka riƙa sawa a tsakani, ya fi ta auna da tef kowane lokaci.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wajen waldar. Mai walda in ba ka tsaya a kansa ba sandar walda mai lamba 6013 ɗin da ya saba yin ƙofa da taga da ita zai ɗauko, kuma za ta kama ɗin, amma duk inda ya ɗiga nan tsatsa za ta fara. Sandar walda mai lamba 308L ake so, mai kaurin milimita 2.5, wuta kuma ƙasa-ƙasa wajen amfiya 60 zuwa 75. Sai in za ka liƙa sitenles da baƙin ƙarfe ne, misali hannun ɗauka, shi ne za ka nemi 309L. Sitenles ba ya sakin zafi da wuri kuma ya fi baƙin ƙarfe motsi in ya yi zafi, shi ya sa in ka bi layi ɗaya kana ta zuba wuta kafin ka kai ƙarshe ragar ta zama kwale-kwale. Ka danne firem ɗin a kan tebur mai lebur, ka fara ɗiga kusurwoyi huɗu, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ka ga sun yi daidai, sannan ka sa sandar tsakiya, ka koma gefen dama, ka dawo hagu, kana tsallake kana barin wuri ya huce. Ɗigo ɗaya ƙarami a kowane baki ya wadatar, ba gada ake ginawa ba. Walda mai kyau launin zinare-zinare take fitowa ko shuɗi kaɗan, in ta yi baƙi ƙirin wuta ta yi yawa.

A waje za ka yi aikin inda iska ke kaɗawa, hayaƙin waldar sitenles yana da illa ga huhu sosai. Kuma kar ka cire tabarau da zarar ka ɗaga hannu, ɓawon waldar nan yana tsalle da kansa in yana hucewa, ido yake nema.

Wajen gogewa ma akwai tarko. Faifan giranda ko burushin waya da aka taɓa goge baƙin ƙarfe da shi yana barin ƙurar ƙarfe a jikin sitenles, bayan kwana kaɗan ka ga jan tabo ka ce an cuce ka a kasuwa alhali giranda ce. Sayi sabon faifai da burushin sitenles, ka goge duk wani tsini da zai yanki hannu.

Kafin nama ya hau, wanke ta da omo da ruwan zafi, ka ɗora kan gawayi ta gasu ita kaɗai kamar rabin awa, sannan ka tsoma rabin albasa a man gyada ka goge sandunan. Za ta canja launi ta yi ruwan ƙasa, wannan ba tsatsa ba ce, zafi ne kawai.